Yadda gyara salon gudu ke rage ciwon gwiwa

Ciwon gwiwa na daga cikin matsalolin da suka fi damun masu gudu da sassarfa, kuma galibi a kewayen ƙoƙon gwiwa ake jin sa. A duk taku, ƙafa kan ɗauki nauyin da ya ninka na jiki sau 2 zuwa 3, shi ya sa yadda take sauka ke da muhimmanci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne wurga ƙafa can gaba, diddige ya dira gwiwa na miƙe. Wani bincike na Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 2011 ya nuna cewa ƙara yawan taku a minti da kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ba tare da ƙara sauri ba, yana rage nauyin da ke hawa gwiwa.

Raunin tsokokin ƙugu kuma kan sa gwiwa ta karkata ciki, don haka ake son a ƙarfafa su tare da na cinya, a kuma riƙa ƙara nisan gudu sannu a hankali.

Idan gwiwa ta kumbura, ta ƙage, ko ta kasa ɗaukar jiki, a dakatar da gudu a ga likita.