Mahara da Dodanni a Ƙetaren Kogin Kaduna

A zaman ƙungiyarmu na watan jiya wani ɗan'uwanmu ɗalibi, haifaffen Kakuri, ya karanta mana farkon labarin da yake rubutawa. Tauraron labarin ɗan fashi ne mai layar zana, ƙarfe ba ya cinsa, yana kuma da wata aljana da yake kai wa baƙin bunsuru a gindin tsamiya a bakin Kogin Kaduna. An yi masa tafi, an kuma yi gardama har aka kira magariba. Ni dai abin da ya faɗo mini a rai shi ne, hanyar da ya ɗauko tsohuwa ce, kuma ƙasar da ya kafa labarinsa a kanta tana da nata tarihin mahara, wanda ya kamata ya sani tun bai yi nisa ba.

Mai karatu, idan ka ƙetare gada daga cikin gari ka nufi Barnawa, ko Makera, ko Kakuri, har zuwa Sabon Tasha, to kana tafiya ne a kan ƙasar da kafin zuwan Turawa daji ce ta mutanen da muke kira Gwarawa, su kuwa suna kiran kansu Gbagyi. Daga kudu maso gabas, wajen Kajuru, akwai Adara, watau Kadara. A suna dai yankin yana ƙarƙashin Zazzau, amma bakin iyaka ne, inda ikon sarki ba ya isa sai ranar karɓar haraji ko ranar hari. Zazzau kuwa tana kai gaisuwa Sakkwato, kuma bayi suna cikin abin da take kaiwa. Wannan shi ya sa yawancin tsofaffin garuruwan kudancin Zazzau suke bisa duwatsu. Ba sha'awar hawa ce ta kai su can ba, gudun doki ne.

Daga yamma kuma ga Kwantagora. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ɗan sarki ne da gida bai ishe shi ba, ya yi kudu da mayaƙansa, aka ba shi sarautar Sarkin Sudan, ya kafa Kwantagora wajen 1864. Ɗansa Ibrahim, wanda ya hau a 1880, shi ya fi yin suna wajen hari. Ya ci ƙasar Gwari da yaƙi har Birnin Gwari, ya matsa wa yammacin Zazzau. A farkon 1901 sojojin Lugga suka ci Kwantagora, Ibrahim ya fita da jama'arsa ya faɗa ƙasar Zazzau, har Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa a kansa. Suka kama shi a 1902. Abin mamaki, a 1903 sai suka mayar da shi kan gadonsa, ya ci gaba da sarauta har 1929. To, a nan wane ne ɗan fashi, wane ne sarki? Amsar ta danganta ga wanda ka tambaya, ko mutumin fada, ko wanda ke kan dutse.

Bayan haka jirgin ƙasa ya iso, hedkwatar Arewa ta taso daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, aka kafa babbar tashar jirgi a kudancin kogi, masaƙar Kakuri ta buɗe a 1957, dajin ya zama unguwannin ma'aikata.

Yanzu bari mu koma ga marubuta. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda daga cikinta aka sami littattafanmu biyar na farko. Uku daga cikinsu suna da alaƙa da Kagara, wani gari da ke cikin wannan yanki da Kwantagora ta mamaye. Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22, a can aka haife shi a 1911, kuma labarinsa ma sai da ya ratsa ƙasar aljannu kafin a samo ruwan. Wansa, Malam Bello Kagara, an haife shi a 1890, saboda haka yana yaro ɗan shekara 11 sa'ad da Kwantagora ta faɗi. Shi ne ya rubuta Ganɗoki.

Ganɗoki littafi ne mai daɗin karatu, kirarinsa yana sa tsikar jiki ta tashi, ba kuma mai musun wannan. Amma a lura da yadda aka gina shi. Farkonsa tarihi ne, ga yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa, jarumin yana cikin rundunar Sarkin Sudan. Da bindigar Nasara ta gagari takobi, sai marubucin ya ɗauke jaruminsa, shi da ɗansa Garba Gagare, ya kai su gabas, ya shigar da su ƙasar aljannu da dodanni, inda takobi yake da sauran amfani. A ganina nan ne sirrin littafin yake. Mutumin da aka ci da yaƙi a fili yana bukatar wurin da zai ci nasa yaƙin, tatsuniya ta ba shi. Sai dai akwai waɗanda littafin bai ba bakin magana ba, watau mutanen da dawakin Kwantagora suka tattake wa gero. Idan sun fito, ganima ce.

Akwai ma wani abu game da kalmar dodo kanta. A tatsuniya, Dodo shi ne mai zama a ruwa ko a ƙungurmin daji, mai haɗiye mutum, wanda ake yi wa alkawarin budurwa. Amma da wannan kalma dai Bahaushe yake kiran abin rufe jiki da mutanen kudancin Kaduna suke fitowa da shi a bukukuwansu na gargajiya, abin da a wurinsu muryar kakanni ce da hukuncin gari. Ashe ke nan dodon da kakarmu take tsorata mu da shi, a wani gefen, addinin maƙwabcinmu ne.

Littafi na uku shi ne Shaihu Umar, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma bai wuce shekara 22 ba a lokacin. Labarin ya fara ne a Kagara, da harin da mutanen sarki suka kai ƙasar Gwari, da makircin da aka ƙulla wa Makau har aka kore shi. Daga nan sai marubucin ya bar mahara ya bi yaron da aka sace, da uwar da ta bi sawunsa har ƙetaren Sahara, ita ma aka bautar da ita. Ba layar zana, ba sarkin aljannu, amma ni ban san littafin Hausa da ya fi shi ban tsoro ba. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976.

Dalilin da ya sa na tsawaita a nan shi ne, dajin bai mutu ba. Sabon Tasha tana cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, kuma a wannan ƙaramar hukuma aka kwashe ɗaliban Jami'ar Greenfield a watan Afrilu na 2021, da na makarantar Bethel Baptist a watan Yuli na shekarar, da yaran Kuriga a watan Maris na 2024. A 28 ga Maris 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Kuma tuni labaran tsafi da tauri suka fara manne wa sunayen shugabannin 'yan bindiga a majalisu da wayoyin hannu, kamar yadda suka manne wa mayaƙan dā. Wannan karon ba Gwari kaɗai ke gudu ba, har da Bahaushe da Bafulatani.

Bayan an tashi daga zaman na tambayi ɗan'uwan namu ko wa ɗan fashinsa ya tare a babi na farko. Ya ce wasu fatake ne. Na ce su wane ne, daga ina suka fito, wa ke jiransu a gida? Ya yi shiru, sa'an nan ya ce bai raɗa musu suna ba tukuna. Aljanar kuwa tana da suna, har da kirari.