Tsakuwa Biyu a Gaban Allo

Gab da zan ajiye aiki, wani matashi da aka haɗa mu ofis ya tambaye ni dalilin da ya sa mutanen zamaninmu suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan XPath, alhali yau duniya ta koma JSON. Tambayar ta sosa mini rai. Ɗana, XML riga ce kawai. Abin da ke cikin rigar bishiya ce, mai saiwa da rassa da ganyaye, kuma JSON ɗin naku ita ma bishiyar ce.

A wancan lokaci ba a kawo mana sabon harshen tambaya mu tafa hannu. Abu biyu muke fara bincika: me harshen yake iya faɗa, kuma nawa ne kuɗin faɗarsa in bishiyar ta girma. Malamina, Allah Ya jiƙansa, ba ya karɓar amsar ta farko da baki. Sai ya zana bishiya biyu a allo, ya fito da tsakuwa biyu daga aljihu, ya ce mu buga. Wasan Ehrenfeucht da Fraïssé ke nan: kai kana neman tona cewa bishiyoyin sun bambanta, shi yana kwaikwayon duk inda ka aza tsakuwarka. In ya iya riƙe ka har ƙarshe, to harshen da ke da masu canji biyu kaɗai ba zai taɓa rarrabe bishiyoyin nan ba, komai wayon mai rubuta tambayar. Mukan kai magariba a kai, alli ya ɓata mana hannun riga. Da Maarten Marx da Maarten de Rijke na ƙasar Holan suka nuna cewa zuciyar XPath, wato abin da ake kira Core XPath, daidai take da mantiƙin mataki na farko mai masu canji biyu, mu ba mu yi mamaki ba, don mun riga mun ji iyakar a yatsunmu. Da Core XPath ba za ka iya cewa "gangara ta kan gaɓoɓi masu siffa kaza har sai ka iske kaza" ba. Wannan giɓin Marx ya cike a 2004 da Conditional XPath. Yau ban san ofishin da ake buga wannan wasa ba. Ana rubuta tambaya, in ta ƙi, a ƙara layi ashirin na Python, ba wanda ya tsaya ya tambaya ko harshen ne ya gaza ko shi.

Tambaya ta biyu, ta kuɗin faɗa, ita ce ta ba mu ranar da nake alfahari da ita. W3C ta fitar da XPath 1.0 a Nuwamban 1999, James Clark da Steve DeRose suka shirya takardar, kowa ya ruga ya gina injinsa. Sai a taron VLDB na 2002 a Hong Kong, Georg Gottlob da Christoph Koch da Reinhard Pichler daga Ostiriya suka zo da wata 'yar takardar XML: gaɓa ɗaya mai suna a, da 'ya'ya biyu masu suna b. Shi ke nan. Tambayar kuwa: sauka wurin b, koma wurin uwa, sake sauka, sake komawa. Duk ƙarin mataki ɗaya, lokacin da injuna irin su Xalan da XT ke ɗauka sai ya ninka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: injin yana bin kowace gaɓa ita kaɗai, ya isa uwa ɗaya sau biyu, bai gane ita ce ba, ya maimaita aikin duka. Maganinsu shi ne tebur: kowane yanki na tambaya a lissafa shi sau ɗaya ga kowane mahalli, a ajiye. Core XPath kuma suka nuna ana gama ta cikin lokacin da bai wuce girman takarda sau girman tambaya ba.

Wannan ya tuna mini wani kamfani da na yi wa aiki, inda na kai wa shugabannin wannan sakamako a rubuce. Aka ce masu sayen kayanmu ba sa rubuta irin wannan tambaya. Gaskiya ne mutum ba ya rubuta ta, amma manhaja tana haifar da ita kullum. Da abin ya tsaya cak a hannun wani babban mai ciniki, sai aka sayi manyan kwamfutoci, takardata kuwa tana cikin durowa. Har yau abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mu ma fa gado muka tarar. Tun 1968 Thatcher da Wright, sannan Doner a 1970, suka tabbatar cewa mantiƙin MSO a kan bishiya ƙarfinsa ɗaya da na'urar lissafin bishiya mai iyakantattun halaye. Sai dai fassara daga mantiƙin zuwa na'urar tana da tsadar da ba ta misaltuwa, kuma Frick da Grohe suka nuna da wuya a kauce wa wannan tsada. Shi ya sa aikin Gottlob da Koch a kan monadic datalog ya burge ni fiye da komai: ƙarfin MSO wajen zaɓo gaɓoɓi, amma a farashi mai sauƙi. Torsten Grust a Jamus ya ɗauko tsohuwar dabarar Dietz ta ba kowace gaɓa lamba biyu, ta shiga da ta fita, har aka iya gane kaka da jika da kwatanta lambobi kawai a cikin rumbun bayanai na tebur. Bojańczyk da Parys kuma suka kai aikin gaba a 2008.

Yanzu ku dubi naku. Stefan Gössner ya bayyana JSONPath a 2007 ba tare da tsayayyar ma'ana ba, kowane inji yana ba da amsarsa, sai a Fabrairun 2024 aka samu ƙa'ida, RFC 9535. Ƙa'idar kuma ta ce ba a cire gaɓar da ta maimaitu a sakamako. Ku matasa, kafin ku jera matakan gangarowa a tambaya ɗaya, ku nemi takardar 2002 ɗin nan ku karanta, sannan ku gwada injinku da ƙaramar bishiya mai zurfi ku riƙe agogo.