Shekarar da Low ta ɗaga murya

A 1993, lokacin da kiɗan grunge mai rugugin jita ya mamaye Amurka, wasu matasa uku a Duluth, gari mai tsananin sanyi a gaɓar tafkin Superior a jihar Minnesota, suka kafa ƙungiyar Low. Biyu daga cikinsu, Alan Sparhawk da Mimi Parker, miji da mata ne. Shi yana kaɗa jita, ita kuma tana tsaye gaban 'yan ganguna ƙalilan tana shafa su da burushi. Waƙoƙinsu suna tafiyar hawainiya, kuma idan 'yan kallo suka cika surutu, sai su ƙara rage sautin. Masharhanta suka laƙaba wa salon suna slowcore, sunan da bai taɓa kwanta wa Sparhawk a rai ba.

Shekaru da dama suka yi a kan wannan turba, daga I Could Live in Hope na 1994 zuwa Things We Lost in the Fire na 2001, wanda Steve Albini ya naɗa. Masoyansu ba su da yawa, amma sun riƙe su da amana.

A Janairun 2005 sai ga The Great Destroyer. Sun koma kamfanin Sub Pop na Seattle, wanda ya fitar da kundin farko na Nirvana, wato ainihin gidan hayaniyar da suka taɓa juya wa baya. Suka ɗauki Dave Fridmann, furodusan da ya yi suna wajen cika faifan The Flaming Lips da sauti. Waƙar buɗe kundin, "Monkey", ta zo da gurnani da dukan ganga mai nauyi, "California" kuma ta yi kama da waƙar da aka tsara don gidan rediyo.

Kan masharhanta ya rabu. Wasu sun ce ƙungiyar ta sami sabon numfashi. Wasu kuwa, ciki har da mujallar intanet ta Pitchfork wadda a lokacin hukuncinta ke iya ɗaga faifai ko ya kayar da shi, sun karɓe shi da sanyin jiki. Ƙorafin shi ne Low ta saki abin da ya bambanta ta, ta shiga sahun da ya riga ya cika. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin wasu waƙoƙin tsakiyar kundin ba su da kaifin na baya. Sai dai masu sukar sun fi auna ƙarar sautin fiye da abin da ke cikinsa. Waƙoƙi irin "When I Go Deaf" da "Death of a Salesman" suna magana ne a kan mawaƙin da ke tunanin ajiye kiɗa gaba ɗaya. A wannan shekarar aka soke rangadin wasanninsu saboda halin da lafiyar ƙwaƙwalwar Sparhawk ta shiga, kuma Zak Sally, mai jitar bes da ya shafe shekara goma tare da su, ya fice.

Shaida mafi nauyi ta zo daga inda ba a zata ba. A 2010 Robert Plant, tsohon mawaƙin Led Zeppelin, ya rera "Monkey" da "Silver Rider" a kundinsa Band of Joy, kuma "Silver Rider" ta sa aka saka shi cikin 'yan takarar kyautar Grammy.

Ita kuwa Low ba ta koma gidan jiya ba. A 2018 ta fitar da Double Negative tare da furodusa BJ Burton, inda aka dagargaza sauti har muryoyin suka riƙa ɓullowa kamar daga rediyon da ya lalace. Ya fi The Great Destroyer tsauri nesa ba kusa ba, amma a wannan karon Pitchfork da takwarorinta suka sa shi cikin fitattun kundayen shekarar. Hey What ya biyo baya a 2021. Mimi Parker ta rasu ranar 5 ga Nuwamba, 2022, tana da shekara 55, bayan fama da sankarar ƙwan mahaifa, kuma da rasuwarta ƙungiyar ta tsaya.