Shekarar Da Amurka Ta Hana Dodo Fitowa A Littafi

Ina ƙarami, idan kakarmu ta kawo tatsuniyar Dodo, mukan matsa kusa da ita jiki na rawa, daga baya ko bayan gida ba mai iya zuwa shi kaɗai. Amma gobe da daddare mu ne za mu ce, "Kaka, a sake mana ta Dodo." Wannan son jin tsoro da yara ke da shi ya taɓa kai wani mawallafi gaban Majalisar Dattawan Amurka. Tarihin da zan ba ku ke nan yau.

A farkon shekarun 1950, abin da yaran Amurka suka fi karantawa shi ne ƙananan mujallun labarai masu zane, kowace ɗaya santi 10. Wani kamfani mai suna EC Comics, na William Gaines, ya fara fitar da na ban tsoro a 1950, wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Tales from the Crypt. Gawa ta tashi daga kabari, fatalwa ta dawo ɗaukar fansa, mugu ya gamu da mummunan ƙarshe. Yara suka yi musu ca. Hankalin iyaye ya tashi. Dama tun 1948 an riga an tara mujallun zane an cinna musu wuta a wasu garuruwa, har da Binghamton a jihar New York.

A 1954 sai wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi mai suna Seduction of the Innocent, inda ya ce mujallun nan ne ke koya wa yara ta'asa. A watan Afrilu na shekarar, wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a New York kan batun. Gaines ya bayyana a gabansu. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga bangon wata mujallarsa, an zana mutum riƙe da gatari a hannu ɗaya, kan mace a ɗaya hannun, ya tambaye shi ko yana ganin wannan ya dace. Gaines ya ce ya dace da mujallar ban tsoro. To ku ji fa, a gaban 'yan jarida! Shi ke nan, ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Abin mamaki, majalisa ba ta yi wata doka ba. Mawallafan ne da kansu suka tsorata, suka kafa hukumar tace kansu mai suna Comics Code Authority. Ƙa'idojinta sun hana kalmomin "horror" da "terror" a sunan mujalla. Sun hana gawa mai tafiya, da masu shan jinin mutane, da mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci. Mujallar da ba ta da hatiminsu a bango, dillalai ba sa karɓa. EC ta rufe mujallunta na ban tsoro gaba ɗaya. Ko da aka sassauta ƙa'idar a 1971, gawa mai tafiya ba ta samu sassauci ba, har kamfanin Marvel ya riƙa kiranta da wani suna, "zuvembie", don ya kauce wa masu tacewa.

Ga inda labarin ya juya. Cikin yaran da suka yi ta karanta Tales from the Crypt kafin a hana, akwai wani ɗan garin Columbus a jihar Ohio, an haife shi a 1943, sunansa R.L. Stine. Da ya girma, barkwanci yake rubuta wa yara. A 1986 ya gwada labarin ban tsoro na matasa, ya karɓu. A 1989 ya fara jerin Fear Street, a 1992 kuma Goosebumps, wanda ya kai littafi 62 zuwa 1997. Yau an sayar da kwafi sama da miliyan 400 na Goosebumps a duniya. Kun ga, yaron da aka ƙwace wa Dodo shi ne ya dawo da shi cikin ɗakunan karatu na makarantu.

Ba a bar shi ya sha ruwa ba shi ma. A jerin da Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta fitar na littattafan da aka fi neman a cire tsakanin 1990 da 1999, Goosebumps na ciki. Na ɗaya a jerin kuwa shi ne Scary Stories na Alvin Schwartz, wanda ya fara fitowa a 1981. Kuma shi Schwartz labaran baka na gargajiya ya tattara, wato irin tatsuniyarsu ta can.

Wertham fa? A 2012 wata malamar Jami'ar Illinois, Carol Tilley, ta wallafa abin da ta gano a cikin takardunsa na asali. Ashe ya sauya shekarun wasu yaran, ya haɗe maganganun yara daban-daban, ya ɓoye wasu matsalolin rayuwarsu da ba ruwansu da mujalla. Ita kuwa hukumar tacewar, a 2011 ta mutu, da kamfanonin ƙarshe suka daina sa hatiminta.

Ba ina cewa iyayen 1954 ba su da hujja ba ne. Ni kaina bangon gatarin nan ba zan miƙa wa ƙanina ɗan shekara 9 ba. Stine ma ya bambanta: a Goosebumps na ƙanana akwai tsoro da dariya ba tare da zubar da jini ba, Fear Street na manyan matasa ne ake mutuwa a ciki. Wannan shi ne abin da ya gagari masu ƙonawa. Raba littafi bisa shekaru ya yi aiki, hani na gaba ɗaya bai yi ba.

Wannan bai yi mana nisa ba. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, da hujjar kare tarbiyya, duk da cewa na soyayya ne aka fi nufi. Matasa ba su daina karatu ba, waya suka koma, inda babu edita, babu wanda ya san shekarun mai karatu.

Don haka ga tambayata gare ku, musamman marubutan cikinmu. Muna da Dodo, muna da labarin maye da na kurar da ke rikiɗa, muna da tsohuwar rijiya da kukar bayan gari da ba a bi da magariba. Wa zai zauna ya rubuta wa ɗan shekara 13 littafin da zai sa shi waiwaye, ba tare da ya ɓata shi ba? Idan ba mu yi ba, zai nemo a wani wuri.

Ku faɗa mini a ƙasa, wace tatsuniya ce ta taɓa hana ku barci? Sai mun haɗu a shiri na gaba.