Harshen Hatimi: Nazari daga Takardar Dala zuwa Fadar Daura

Kafin mu shiga gundarin batu, ya kamata mu bayyana kalmomi uku da za mu yi aiki da su. Hatimi shi ne abin da hukuma ke bugawa a kan takarda don tabbatar da cewa maganar da ke ciki tata ce. Alama ita ce zane ko kayan sarauta da ke wakiltar wata ma'ana ba tare da rubutu ba. Take kuwa, a wannan nazari, gajeriyar jimla ce da ake rubutawa a jikin hatimi, ba taken ƙasa da ake rerawa ba. Idan muka dubi harshen da hukumomi ke zaɓa don bayyana ikonsu, za mu iya kasa su gida uku: masu ɗauko take daga harshen malamai, masu rubuta shi da harshen ofis, da masu barin alama ta yi magana ita kaɗai.

Kashi na farko, babu misalin da ya fi hatimin Amurka, wanda majalisar ƙasar ta amince da shi ranar 20 ga Yunin 1782, kuma tun 1935 ake buga fuskokinsa biyu a bayan takardar dala ɗaya. Taken da ke jikinsa uku ne, duka da Latin, harshen tsohuwar daular Rum wanda ya zama harshen ilimi a Turai. Na farko, E pluribus unum, yana kan ƙyallen da gaggafa ta riƙe a baki, ma'anarsa "ɗaya daga cikin masu yawa", wato jihohi 13 da suka dunƙule suka zama ƙasa guda. Shi ya sa kibiyoyin da ke ƙafarta ta hagu 13 ne, a ta dama kuma reshen zaitun, kanta na fuskantar reshen don nuna fifita zaman lafiya a kan yaƙi. A ɗaya fuskar akwai gini mai siffar dalar gyaɗa, hawa 13, ba a kammala shi ba, da ido a samansa. Can sama an rubuta Annuit coeptis, "ya amince da abin da muka fara". Jimlar ba ta ambaci mai amincewar ba, amma Charles Thomson, sakataren majalisa da ya tsara ta, ya bayyana cewa kulawar Ubangiji ake nufi. A ƙasa kuma Novus ordo seclorum, "sabon jerin zamunna", wanda ke nuni da shekarar 1776 da aka rubuta a gindin ginin da lambobin Rumawa.

A nan ne rauni irin na wannan kashi yake bayyana. Harshen da talaka ba ya ji yana ƙara wa hatimi kwarjini, amma yana buɗe ƙofar jita-jita. Sau da yawa mukan ji matasa suna cewa idon nan na Dujal ne, taken kuma shirin mallake duniya ne, alhali kalmar seclorum zamunna take nufi, kuma Thomson daga waƙoƙin Virgil, mawaƙin Rum, ya tsamo kalmomin. Ƙasar Hausa ta san wannan tsari ta fuskar Larabci, domin da shi sarakunan Daular Usmaniyya ke rubuta wasiƙunsu da hatimansu, bisa koyi da zoben azurfa na Manzon Allah (SAW). Har yau taken rundunar sojan ƙasa ta Nijeriya da Larabci yake, Nasrun minallah. Bambancin shi ne Larabci bai mutu a wajenmu ba. Almajirin allo zai iya harhaɗa baƙaƙen.

Kashi na biyu ba ya buƙatar dogon bayani. Mutumin Daura, da yake iyakar Nijar ta Kwangwalam na kusa da shi, yana ganin misalai biyu. Na Nijeriya yana da baƙar garkuwa da ke nufin ƙasar noma, da farin zane na mahaɗar kogin Neja da Binuwai, da fararen dawakai biyu, da jar gaggafa. Takensa da Ingilishi, haɗin kai da imani, aka ƙara zaman lafiya da ci gaba a 1978. Na Nijar yana da rana, da mashi da takubba biyu, da zangarniyar gero uku, da kan sa. Taken ƙasar da Faransanci, 'yan'uwantaka da aiki da ci gaba. A ganinmu zanen Nijar ya fi kusa da idon manomi.

Kashi na uku shi ne na fadar Daura kanta. Masarautar tana da alamomin da suka girmi kowane hatimin da muka ambata: rijiyar Kusugu, da takobin da ake danganta wa Bayajidda, da tamburan sarauta. Babu take a rubuce da ke fassara su. Ma'anarsu tana cikin labarin macijin da ke hana ɗibar ruwa a rijiyar sai ranar Juma'a, da baƙo Bayajidda da ya kashe shi ya auri sarauniya Daurama, da zuriyar ɗansu Bawo da ake jingina Hausa Bakwai gare ta. Masana tarihi na da saɓani kan sahihancin labarin, sai dai aikinsa a matsayin hujjar sarauta a fili yake. Masu jihadi sun kori sarkin Daura, Sarkin Gwari Abdu, a farkon ƙarni na 19, zuriyarsa ta zauna a Zango da Baure, sannan a 1904 Turawa suka maido Malam Musa na wannan gida kan gadon Daura. Kusan shekara ɗari gidan ya yi ba ya cikin birnin, amma labarin asali bai rabu da shi ba, kuma daga wannan gida Sarki Umar Faruk Umar, wanda ya hau gado a 2007, ya fito.