Wanke Allo da Ajiye Zane: Abin da Tsohon Aikin Fastel Ke Nuna wa Mai Shi

Tarbiyyarmu ta koyo ta ginu ne a kan shafe abin da aka wuce. Almajiri a tsangayar Kiru ko Bebeji, idan ya haddace abin da ke allonsa, sai ya wanke ya rubuta na gaba. Allon zayyana kaɗai ake adanawa, shi ma na ranar sauka ne. Haka magini: adon da ya yi wa fuskar soro, damina biyu ko uku ta cinye shi, sai a sake yaɓe. Gwaninta a ƙirji da hannu take zama. Wannan tsari ya dace da karatu, domin ga littafi ga malami da za su nuna inda aka yi tuntuɓe. Abin da nake son kafawa shi ne bai dace da mai zanen hoto ba, musamman mai aiki da fastel, wato allin launi da ake murzawa a takarda. Shi ba shi da littafin da zai duba gyara. Tsohon aikinsa ne zai gaya masa ko ya motsa.

Fastel garin launi ne da aka haɗe da ɗan ƙaro ko danginsa. Da yake babu mai a cikinsa, ba ya rinewa ya yi duhu kamar fentin mai, muddin an kare shi daga rana da laima. Kowane jan hannu yana nan inda aka bar shi, har wurin da aka goge da ɗan yatsa don ɓoye rashin tabbas. Shi ya sa shaidarsa take da ƙarfi.

Na ga haka a kaina. Kwanan baya na buɗe akwatin da na zuba zane-zanen da na yi a bakin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Na zaci raunin hannu zan tarar, kuma akwai shi: kwalekwalen masunta ya fito kamar akushi. Amma abin da ya fi damuna shi ne ruwan. Shuɗi fes na yi shi, irin na hoton kalanda. Duk wanda ya tsaya a Tiga da damina ya san ruwan ja-ja yake saboda ƙasar da yake kwasowa, da hunturu kuma hazo kan haɗe shi da sama har a kasa raba su. Dajin Falgore ma kore iri ɗaya na shafa masa, duwatsun Riruwai kuma toka-toka, alhali da la'asar wani ja ne ke hawa kansu. Ashe ina gaban wurin, amma idon aro nake kallo da shi. Da na yaga takardun nan, da har yau ina zaton hannuna ne kawai ya faɗa, ban san idona ne ya canja ba.

Tarihi ya nuna irin wannan a Zariya. A 1958 ɗalibai a Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ƙorafinsu shi ne manhajar Ingila tana koya musu hannu ba tare da idon gida ba. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga zanen uli na Ibo. Muna iya bin sawun wannan sauyi ne saboda mutum ne mai adana zanensa da takardunsa, har ya tara su a cibiyarsa ta Asele a Nimo.

Za a iya cewa yawan waiwaye yana daskarar da hannu. Akwai gaskiya a ciki, amma haɗarin yana wajen gyara ne, ba wajen duba ba. An ruwaito cewa Edgar Degas na Faransa, wanda ya rasu a 1917 kuma ya shahara da fastel, ya karɓi wani aikinsa daga abokinsa Henri Rouart don ya ɗan taɓa shi, sai ya ɓata shi gaba ɗaya. Garin gyaran gira aka rasa ido. Mai gyara tsohon zane ya wanke allo ke nan ta wata hanya, domin ya ɗora idon yau a kan shaidar jiya.

Adanawar kuwa a ƙasarmu sai da dabara, saboda gara da laimar Agusta da ƙurar hunturu. Hoton waya bai wadatar ba, don yana baje launi ya ɓoye kaurin garin. Ni nakan shimfiɗa su a kwance cikin akwatin ƙarfe, in sa takarda mai santsi tsakanin kowane biyu, in ɗora akwatin a kan bulo nesa da bango. A bayan kowanne ina rubuta wuri da wata da lokacin yini, domin Tiga ta hantsin Janairu daban take da ta la'asar ɗin Satumba.