Gardamar Waƙa a Ikilisiyar Katolika: Daga Latin Zuwa Ganga

'Yan'uwa matasa, idan dattawa sun ce jita da ganga sun cika sujada da hayaniya, kada ku ɗauka a kanku aka fara. 'Yan'uwanmu Katolika sun fi shekara dubu suna wannan gardama.

Harshen Latin da wasu ke karewa yau a matsayin harshen tsarki, shi ma sabon abu ne a dā. Kiristocin Roma na farko da Helenanci suke sujada. Sai a ƙarni na 4 aka koma Latin, don shi ne harshen da talaka ke ji. A wajen shekara ta 400, Augustine, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta cewa yana jin ya yi zunubi duk lokacin da daɗin murya ya fi kalmomin waƙa taɓa shi. Duk da haka bai hana waƙa ba.

Waƙar da ake kira ta Gregory, murya ɗaya ba kayan kiɗa, an jingina ta ga Paparoma Gregory na Ɗaya (590 zuwa 604), amma siffarta ta kafu ne a ƙasar Faransa a ƙarni na 8 da na 9. Da mawaƙa suka fara raba muryoyi, wannan na hawa wancan na sauka, sai kalmomin suka nutse. Majalisar Trent ta umarta a 1562 a kawar da duk kiɗan da ke da ƙazanta daga coci. A 1903 Paparoma Pius na Goma ya ƙara tsanantawa: ya hana piyano da ganga da kuge, ya kuma ce mata ba za su shiga ƙungiyar mawaƙa ba.

Shekara 60 bayan haka, ranar 4 ga Disamba 1963, Majalisar Vatican ta Biyu ta fitar da takardarta kan sujada. Abin mamaki, kowane ɓangare yana kafa hujja da ita. Ta ce a riƙe Latin, a ba waƙar Gregory matsayi na gaba. Ta kuma buɗe ƙofa ga harsunan jama'a, ta ce a girmama kiɗan gargajiya na ƙasashen mishan. Afirka ba ta ma jira ba: tun 1958 wani Fada ɗan Beljiyam, Guido Haazen, da yaran makaranta a Kamina ta Kongo sun rera Missa Luba, kalmomin Latin a kan karin waƙar Kongo da ganguna.

Ina ganin bai kamata a raina masu son Latin ba. Hujjarsu tana da nauyi: harshe ɗaya yana haɗa Bakatolike na Kaduna da na Poland, kuma yawancin sababbin waƙoƙi ba sa kai shekara goma a bakin mutane. Amma hujjar Bulus a 1 Korintiyawa 14 ta fi ƙarfi a wurina, wato mai sauraro ya fahimci abin da yake cewa amin a kansa. Tsohuwar da ke rera waƙa a zumuntar mata da tulu a hannu ta san kowace kalma.

Roma dai ba ta rufe maganar ba. A 2007 Paparoma Benedict na Sha Shida ya sassauta wa masu son tsohuwar Misa ta Latin. A Yuli 2021 Paparoma Francis ya janye yawancin wannan dama, ya mai da izinin hannun bishop na kowace dayosis.